Gyaran Layi Huɗu

Trondheim, 3 ga Maris

Eivind,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kwale-kwalen da ka bar mu dominsu.

Na koma takarda tunda saƙon kwamfuta ba ya tashinka. Ƙaramar manhajarka, mai karanta umarnin da ake bugawa a baƙin allon kwamfuta, har yanzu tana cikin babbar manhajar kamfaninmu. Ka san ƙa'ida: abin wani ba a taɓa shi, sai a aika wa mai shi gyara ya amince. Wata takwas ke nan da na aiko maka gyaran layi huɗu. Layi huɗu fa, sarkin shiru!

Shugabarmu Gudrun ta ce in ba ka amince ba zuwa ƙarshen wata, a cire taka a sa wata. Ni ke ta kare ka a taro. Na gaji, kuma ina kewarka, in ma kana son ji.

Ka huta lafiya,
Torunn

Røst, 14 ga Maris

Torunn,

Na gode da gaisuwa. Lafiya lau, kifi ya zo, hannuna duk ya tsage.

Gyaranki na gan shi ranar da ya iso. Daidai yake, ko waƙafi ba zan canja ba. Amma muddin yana jira, kowane wata sai kin rubuto kina faɗa. Ina karantawa sau biyar, sau shida. In na danna amincewa, me kuma zai sa ki rubuto?

Abin kunya ne, na sani. Na mayar da manhajar sunanki, ki amince da kanki. Kada a cire ta saboda wautata.

Naki kamar da,
Eivind

Trondheim, 29 ga Maris

Eivind,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba.

Ban karɓi manhajar ba. Jiya da kaina na cire ta, layi dubu biyu da muka rubuta tare a teburin kicin ɗinka. Na shiga banɗaki na yi kuka, Gudrun ta ɗauka mura ce.

Yanzu babu wani aiki tsakaninmu. Ga shi kuma na rubuto.

Saura kai.

Torunn