Kwamfutar Ta Mutu Inna Na Tsakiyar Magana

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ke da yara da maigidanki mai tumbin nan. Ni lafiya lau, abinci ne kawai ya ƙi shiga.

Kin san wayata ta lalace, da kwamfutar da na harhaɗa da tsofaffin kayan shagonmu nake kiranku. To, ta koyi mutuwa ba sallama. Ranar nan Inna ta ce, "Auta, likita ya ce..." sai allon ya yi baƙi ƙirin. Na san kun ce tsiyata ce, tunda na saba ƙamewa kamar hoto in ba ku tsoro. Wallahi wannan karon ba ni ba ne.

Na hure ƙurar cikinta, na cire ram, wato ƙwaƙwalwarta, na mayar, har Ƙulhuwallahu na tofa mata. In na kunna, fanka ta juya kaɗan ta tsaya. Maigidana ya ce akwatin wutarta ne ya gaji.

Yaya, me likitan ya ce? Ki ba direban da ya kawo takardar nan amsa. Kada ki rage min komai don ni ne ƙarami. In na tahowa ne, ki ce in taho kawai.

Ƙaninki,
Auta