Kwaɗon Ƙofar Baya

Zuwa ga ƙanena Shitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Rano da sauƙi, an gama kaka lafiya. Iya ce dai a kwance, kuma dalilin kwanciyarta ne ya sa na zauna rubuta maka, tunda in na kira waya sai ka ce kana kan hanya.

Ka san ɗakin taron nan da ka gina ka bar mini kula da shi ƙofa biyu gare shi: ta gaba ta 'yan biki, ta baya ta makaɗa, inda suke shigar da kayansu. Da ka zo ka kwashe masarar gonarka ta Fammar, ka jibge buhunan a lungun ƙofar baya, ka danna kwaɗo, ka jefa makulli a aljihu ka hau mota. Na ce maka bayan kaka ake bukukuwa, ka ce makaɗa ba sarakuna ba ne, su bi inda kowa ke bi. Har dariya ka yi mini, wai na cika tsoro.

To, ga abin da wayonka ya haifar. Ranar Asabar aka yi wunin Bushra, 'yar Malam Bello na Madachi. Uzairu mai kalangu da yaransa suka makara, sai bayan la'asar suka iso, mata sun riga sun cika ɗaki. Suka kafa a-kori-kura a bakin ƙofa ɗaya tilo, suna ratsa mutane da lasifiku da ganguna, ga takalman mata tuli guda a wurin. Janareton da ya kamata ya zauna a baya, a nan aka ajiye shi, aka ja waya ta kan tabarmi. Ana fara kiɗa wayar ta yi tartsatsi, tabarma ta kama hayaƙi, wata ta ƙwalla ihun wuta. Wasu suka ruga baya suka tarar da kwaɗonka, suka juyo. Ɗaki guda ya taru a ƙofar da mota ta toshe. Iya ta yi tuntuɓe da takalma ta faɗi, aka bi ta kanta. Wutar ma da buta aka kashe ta, amma ƙugun Iya ya goce. Mai ɗori ya ce da wuya ta sake taka ƙafar kamar da.

Ni na ɗauko ta daga ƙasa, Shitu, ɗankwalinta a wani wuri, bakinta cike da ƙasa. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba. Masara ka fifita a kan rayukan mutane, kuma kada ka ce ba ka sani ba, don na faɗa maka.

Jiya na sa maƙeri ya fasa kwaɗon, buhunanka suna tsakar fili. In awaki sun riga ka, kai ka jiyo. Bikin 'yarka Mufida na nan tafe a wannan ɗakin, ba zan tura ta cikin tarko ba.

Saura abu ɗaya. Iya ba ta san wanda ya kulle ƙofar ba, ta ɗauka wani ɗan haya ne. Kullum in ta idar da sallar asuba a zaune, sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da mai kwaɗon nan. Na roƙe ta ta bari, ta ce ba za ta bari ba sai ya zo gabanta ya durƙusa. Ban faɗa mata ba, ba kuma don kai ba, don zuciyarta.

Ka gaida Ramlatu da yara. Kawu Mika'ilu na Kibiya yana gaishe ka. Iya ma ta ce in gaishe ka, wai Allah ya yi maka albarka. Gobe da asuba kuma za ta sake ɗaga hannu. Ka shigo mota.

Yayarka,
Sa'adiya