Gangar Baba Ta Juye, Shi Kaɗai Bai Sani Ba

Inna Flora, don Allah ki agaza mini. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a ƙauyenmu Emboriyo ba tare da ta riga ni isa gida ba.

Tun kafin a haife ni, duk ranar Waliyyi Aberkiyos, da zarar fada ya zo daga coci ya sa wa gangunan giya albarka, mahaifina ne ke fara kurɓar sabuwar giyar inabinmu, asirtiko, a gaban dangi da maƙwabta. Sai ya lumshe ido ya yanke hukunci: ta bana ta gasasshen kifi ce, ko kuwa tana da ƙarfin da za ta ja da ɗan rago. Abin da ya faɗa shi mata ke ɗorawa a wuta. Kin san halin giyarmu: fara ce, ba zaƙi ko ɗis, ga tsami mai tsinka yawu, sannan ɗan gishiri ya maƙale a ƙarshen harshe. Baba yakan ce ita ba ta san lallashi ba, aikinta ta wanke maiƙon ƙosan tumatir daga bakinka ka koma wa faranti da sabuwar yunwa.

To, babbar gangarmu ta bana ta juye, giyar ta lalace ta koma ruwan kal mai tsami. Na shiga kanaba, ɗakin giyarmu da ke haƙe cikin dutse, warin ruwan kal ya mare ni tun daga ƙofa. Na tarar da toshiyar gangar a ƙasa, ban san tun yaushe ba. Baba ya zuba, ya sha, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi. Na ce ko tsamin bai yi yawa ba? Ya yi dariya ya ce, “Ke da kika tashi da lemon kwalba, me kika sani?” 

Ba wannan kaɗai ba ne. Yanzu gishiri yake zabga wa kifi har ba ya ciwuwa. Rannan tukunyar faten wake ta ƙone ƙurmus yana zaune kusa da ita yana gyaran almakashin inabi, hayaƙi ya cika ɗaki bai ɗago kai ba. Haka ƙaninsa, Baffa Nikitas, ya fara: ya ce kofi ya daina ƙamshi, muka yi ta tsokanarsa. Kafin ya rasu ko sunan matarsa ba ya kamawa.

Yayana Lefteris ya ce, “Ke dai kin cika tsoro. Mu sayo mai kyau a maƙwabta mu juye a gangar, tsoho ya sha ya yi jawabinsa, kowa ya tafa.” Bikin ya kusa. In na bari, zai ɗaga kofin ruwan kal gaban jama'a ya yabe shi. In na faɗa masa, na kashe shi da rai. Tsoro nake ji, Inna, ko barci ba na iya yi.

Taki,
Ɗiyar Mai Kanaba

*

Ɗiyata,

Na ji tsoronki, kuma yana kan hanya. Amma kin sa shi a kan ganga, alhali tukunyar nan ce ta fi tayar mini da hankali. Wanda bai ji ƙaurin wake ba, ba zai ji warin gas ba. Yau ɗin nan ku sa na'urar da ke ƙara in gas ya zuba, kuma kada a bar shi shi kaɗai da murhu.

Lefteris ba mugu ba ne, mutuncin ubansa yake karewa. Sai dai dabararsa ta yini ɗaya ce. Bana kun juye ganga, baɗi me za ku juye? Kuma a ƙauye irin naku, wanda ya sayar muku zai faɗa wa matarsa.

Ki kai shi wurin likita kafin biki. Ɗaukewar ƙamshi na iya zuwa daga hanci, ko daga wani magani da yake sha, ko tsufa kawai. Yana iya zama abin da kike tsoro. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, kuma jinkiri ba ya taimakon ko ɗaya daga ciki.

Ki faɗa masa ku biyu a kanaba, ba a kan tebur ba. Zai yi faɗa, ki daure. Ina zargin ya riga ku sani: mutum ba ya zabga gishiri haka sai yana neman abin da ya ɓace masa. In ya huce, ku buɗe ƙaramar ganga, ki roƙe shi bana ya miƙa miki kofin farko da hannunsa, ke ki kurɓa, shi ya tambaye ki abin da kika ji. Gara ya ba ki yanzu, yana sane da wadda yake ba wa.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙarfafa zuciyarki.

Inna Flora