Lambun Bokiti a Larkmoor

Tolliver Park, Atlanta
Watan Satumba

Zuwa ga 'yata Renita,

Da sunan Ubangiji nake buɗe wannan takarda, ɗauke da gaisuwa mai yawa zuwa gare ki da maigidanki Lamont da jikana Tobias. Ina fata ta same ku cikin ƙoshin lafiya a can Okinawa. Allah ya tsare Lamont a bakin aikinsa na soja, ya ƙara miki ƙarfin tsayuwar asibiti, ya raya mana yaron nan. Mu nan sai godiya. Gwiwar maigidana Clement tana nan da halinta. Likita ya ce ya riƙa tattaki kullum, shi kuwa tattakinsa bai wuce daga kujera zuwa firiji ba, in na yi magana ya ce ai da dawowa ake lissafawa. 'Yar'uwarki Charlene ta sauka lafiya, an sami mace, an kuma sa mata sunan mahaifiyarki. Ranar da fasto ya ɗaga jaririyar ya kira sunan marigayiya ƙanwata Loretta a gaban jama'a, kuka na yi sosai, ban ma nemi ɓoyewa ba.

To, ga maganar da kika ɗora mini. Kin ce tunda za ku dawo gida farkon shekara, in auna miki tsakanin unguwarmu da Larkmoor, inda kawunki Thurman ya ce zai sayar miki da gidansa a farashin zumunci, shi da matarsa Verdell su koma Florida su huta. Kin ce takardun suna hannunki, saura ki sa hannu. Renita, ajiye biron nan tukuna, ki karanta wannan har ƙarshe.

Bari in fara da tamu, don kada ki ce Inna tana kare unguwarta. Tolliver Park ta tsufa, mu ma da muke cikinta mun tsufa. Lokacin da muka shigo, fararen fata na ta loda kaya kamar an ce musu gobara ta taso, muka cika layin da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya da direbobin bas, kowa yana share ƙofar gidansa yana leƙen ta maƙwabci. Yanzu babban kantin abinci ya rufe, sai ka tuƙa mota kafin ka sami tumatir mai kyau. Makarantar da kuka yi ba ita ba ce. Waya kuwa ba ta hutawa, wasu kamfanoni ne da ba a ganin fuskar masu su, kullum tambayarsu ɗaya, ko muna son sayar da gida. Duk tsohon da ya rasu, kafin furannin kabarinsa su bushe 'ya'yansa sun sayar, gidan ya koma na haya, ba ka gama sanin sunan mai ciki ba ya tashi. Wani lokaci ana jin ƙarar bindiga ta wajen gidan mai. Ban rage miki komai ba.

Larkmoor kuwa, ai kin gani da idonki. Ƙofa mai mai gadi, tafki a tsakiya, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, likitoci da lauyoyi da matuƙan jirgin sama, kuma duk namu ne. Ni da Clement mun sha bi ta can ranar Lahadi bayan coci, muna tafiya a hankali don kallo kawai. Wanda ya taso yana jin ana cewa unguwar baƙar fata ba ta gyaruwa, in ya shiga wurin nan sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Na yi alfahari da yayana da ya sami gida a can, na kuma yi masa ɗan ƙyashi, Allah ya gani. Da a watan jiya kika tambaye ni, da tuni na ce ki sa hannu.

Makon da ya wuce na kai wa Verdell abinci, don ciwon ƙodarta ya sake tashi. Ranar aiki ce, an kwana ana ruwa. Da na ga ta sami barci sai na fita bayan gida in sha iska, abin da ban cika yi ba, don kin san Verdell, baƙo a falo take tsare shi. Nan na tarar da lambun kawunki. Mutumin da babanmu ya rena a gona a Alabama, wanda ko tsagar siminti ya gani sai ya jefa ƙwayar kuɓewa, ga shi da fili ya isa a yi ƙwallo, amma ganyen miyarsa na kolad da tumatir da tattasai duk a cikin bokitai suke, an jera su a kan katako don kada gindinsu ya taɓa ƙasa, ga buhunan ƙasar kanti a gefe. Na tsokane shi, na ce Yaya, zaman masu kuɗi ne ya sa ka manta yadda ake riƙe fartanya? Bai yi dariya ba. Ya ce jar ƙasar nan ba ta da kirki. To ai jar ƙasar ce a bayan gidana, kuma ganyena har maƙwabta nake rabawa.

Sai na leƙa ta saman shinge. Gidan dama bokitai, gidan hagu bokitai, na gaba da shi ma haka. Iska tana kawo wani wari kamar na sabuwar kwalta, alhali ba a gyaran titi ko'ina. Can na hango tafkin, sai na tuna ban taɓa ganin mutum ɗaya da ƙugiya a bakinsa ba, a unguwar da mazanta ke tashi da asuba su yi doguwar tafiya don kamun kifi.

Da zan shiga mota, maƙwabciyarsu Mama Ozella, tsohuwar shugabar makaranta, ta yafito ni kamar za ta nuna mini fure. Ta tambaye ni ko gaskiya ne 'yar ƙanwata ce za ta sayi gidan, kuma wai tana da ƙaramin yaro. Na ce haka ne. Ta ce kafin a yi gidajen nan, wurin wata masana'anta ce da ake jiƙa turakun lantarki da katakon titin jirgin ƙasa a cikin baƙin magani don kada gara ta ci. Da ta rufe, aka zuba ƙasa a kai, aka dasa ciyawa. Shekarun baya wani ya sa a haƙa masa wurin wanka a bayan gida, ba a yi nisa ba baƙin taɓo mai maiƙo ya ɓullo, masu haƙar suka tattara kayansu suka tafi, aka mayar da ramin.

Ƙungiyar masu gidaje ta kira taro aka rufe ƙofa. Ta ce shugabansu ya miƙe ya ce, jama'a, kun san ƙasar da muke ciki. In unguwar farare ce, gobe za a zo da motoci a kwashe ƙasar a ba su haƙuri. Mu kuwa ranar da maganar nan ta fita, cewa za a yi dama ai unguwar baƙaƙe ce, gidan da ka kashe rayuwarka a kai ko kyauta ba mai karɓa. Nan suka yi shawara: ba mai kiran hukuma, ba mai haƙa, shuka sai a bokiti, jikoki kada su je rafi. Mai son tashi ya sayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kada allunan sayarwa su yi yawa a layi har a fara tambaya. Ta ce ita ma ta ɗaga hannu ranar, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara jin daɗin addu'arta ba. Sannan ta ce, 'yan mata, ni fa ban gaya miki komai ba, fure na nuna miki.

Na koma ciki na sami kawunki a kicin. Renita, na so ya ce ƙarya ne. Na so ya zage ni ya ce tsohuwar ta ruɗe. Bai musa ba. Ya ce ruwan famfonsu daga birni yake zuwa, mutane nawa ne suke zaune lafiya, ciwon ƙoda kuma a ina ne babu shi. Na ce to me ya sa bai kai gidan nasa kasuwa ba, sai ke? Ya ce baƙo zai kawo masu bincike, su zo da ƙarafunansu suna caka ƙasa suna tambayoyi, amma Renita ba za ta sa a tona ba, ta yarda da shi. Wallahi haka ya faɗa, yana wanke kofi. Ya ce in kun tare zai ja Lamont gefe ya yi masa bayanin bokiti, shi ke nan. Na ce Yaya, 'yar Loretta ce fa, kai ka riƙe hannunta ranar aurenta. Sai ya ɗaga murya ya ce rayuwarsa duka a filin jirgi ya ƙare ta yana ɗaga kayan mutane, ba shi da komai sai gidan nan, matarsa na kwance, ina nake so ya sa kansa? Ya ce mu ba a rene mu da tona asirin gida ba, kuma in na rubuta miki, in ɗauka ba ni da yaya a duniya.

Na kwana biyu ina juya maganar. Ban tsani kawunki ba, tausayinsa nake ji har cikin raina, kuma abin da shugaban nasu ya faɗa ban ce ƙarya ba ne. Gaskiya ne mahaifiyarmu ta koya mana rufe baki, don a zamaninsu rufe baki ne ya hana a ƙona musu gida. Amma don baƙo aka yi wannan shirun, ba don a miƙa wa ɗan cikinka abin da kai kake gudu ba. Ban san iyakar abin da ke ƙarƙashin ciyawar nan ba, ban kuma ce shi ya kwantar da Verdell ba. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya yarda a auna, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Saboda haka ga amsar tambayarki. Matsalar Tolliver Park a fili take, da rana tsaka za ki gan ta ki san ta inda za ki kauce. Ban ce lallai ki sayi gida a nan ba, don ni ma ban san wa zai zama maƙwabcina nan da 'yan shekaru ba. Ku zo ku sauka a wurinmu, ɗakin Charlene yana nan, ku duba wasu unguwannin da ƙafarku, ranar aiki, bayan an yi ruwa. Amma takardar Larkmoor kada ki sa mata hannu, ko da kawunki ya kira ki yana kuka, kuma zai kira.

Saura abu ɗaya, shi ne na kasa rubutawa tun farko. Kin tuna taron dangin da aka yi a gidansa bara da kuka zo hutu? Muna falo ana cin kifi ana dariya, Tobias ya sulale ya bi yara zuwa rafin bayan gida, ya dawo ƙafafunsa da hannuwansa baƙi ƙirin da wani taɓo da sabulu ya ƙi fitarwa. Verdell ta fizge shi ta shige banɗaki tana dirje shi da man girki, tana hawaye. Mu kuwa muka yi ta tsokanarta wai kafet ɗinta take ji, har ke ma kin yi dariya. Kuma kin san yaron nan a lokacin, komai ya taɓa baki yake kaiwa. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin fi ni sanin irin gwajin da ake yi. Ki kai shi a cikin makon nan, kada ki jira sai kun dawo, ki kuma gaya wa likitan abin da na gaya miki ba tare da ragi ba.

Clement yana gaishe ku, ya ce a gaya wa Lamont ya rage cin ɗanyen kifi. Charlene da mijinta da jaririya suna gaisuwa, haka matan ƙungiyarmu ta coci, kullum kina cikin addu'arsu. Kawunki bai ba ni saƙo ba. Verdell ce ta farka da zan fito, ta riƙe hannuna ta ƙi saki, ta ce in gaishe mata da Tobias, in kuma tambaye ki ko yana cin abinci sosai, ko yana yawan cewa ya gaji.

Allah ya tsare mini ku, ya dawo da ku lafiya.

Innarki mai ƙaunarki,
Earline