Misalin da na hana Hadiza

Laraba da dare

Yau a ajin Ingilishi na koyar da "give up". Na rubuta a allo: barin abu, sallamawa, fid da rai. Sai Hadiza, ɗalibata mai yawan tambaya, ta ce, "Madam, ana faɗinsa a kan mutum?" Na ce ana faɗi. Ta nemi misali, alli ya tsaya mini a hannu.

Shekara uku ke nan da Yaya Ila ya tafi Jado haƙar zinariya, ko labarinsa babu. Da na dawo gida, na tarar Inna ta zuba masa tuwo ta rufe, kamar kullum.

Misalin nan na faɗe shi a zuci da Ingilishi. Da Hausa bakina ya ƙi.