Surukina Ya Ce Ni Nake Tona Masa Asiri a Kasuwar Hannun Jari

Kokilaben, ki taimake ni don Allah. Ni matar aure ce a Rajkot, gida ɗaya muke da iyayen mijina. Surukina, Bapuji, ya sayar da shagonsa na yadi da ciwon gwiwa ya matsa masa, ya zuba kuɗin a hannun jari. Tun safe har a tashi kasuwa yana kan lilon falo da waya a hannu, ko shayi na kai masa sai ya huce.

Yana da wata dabara da yake taƙama da ita. In ya saya a rupi ɗari biyar da ashirin, sai ya kafa iyaka a ɗari biyar cif, wai in farashi ya faɗo nan wayar ta sayar da kanta, kada asara ta yi yawa. To sai farashin ya gangaro kamar an aiko shi, ya taɓa iyakar, a sayar masa, kafin ya gyara tabarau ya sake hayewa sama. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Da fari ya zargi dillali, sai wayar, har ya canza ta. Yanzu ni ce. Yayana Hiren yana aiki a ofishin wani dillali a Mumbai, kuma tsakani da Allah amsa waya ne aikinsa. Bapuji ya ce in na kawo shayi nake leƙa lambar, in tura wa Hiren, mutanen ofishinsu su kwashe. Ni da ban ma san tsakanin kore da ja wanne ne riba ba. Ina shigowa sai ya kife wayar a cinya. Rannan a gaban baƙi ya ce a yi shiru, ga 'yar leƙen asirin Mumbai ta kawo wainar dhokla. Aka kwashe da dariya, na koma kicin na sha kuka.

Ga bikin Diwali ya matso. Kin san sa'a gudan nan da ake buɗe kasuwa don neman albarka. A gidanmu matar ɗa ce ke danna sayen farko, tunda ita ce Lakshmin gida, wato uwar arziki. Bana Bapuji ya ce gwada ni zai yi: ni kaɗai zai faɗa wa iyakarsa, in farashi ya taɓa ta, magana ta fito, in tattara in koma gidan ubana. Mijina Dhaval ya ce in yarda kawai, ai mai gaskiya ba ta tsoro. Wallahi ina tsoro. Ko da gaske akwai mai kallon cikin gidanmu?

Mai kawo shayi, Rajkot

'Yata, kada ki yarda da wannan gwaji. Da wuya ki tsallake shi, kuma ba don kin yi laifi ba.

Babu mai kallon gidanku. Manyan kamfanoni suna da na'urori masu saye da sayarwa sau dubbai kafin ki ƙifta ido. Ba su san Bapuji ba, ba su san Hiren ba. Halin mutane suka sani: kowa lamba mai cif yake so, don haka dubban masu waya wuri guda suke kafa iyaka. Farashi na kusantar nan sai a yi ta sayarwa, iyakokin su fashe tare, masu sauri su tsince da araha. Sirrin surukinki na rabin gari ne.

Shi ma ki tausaya masa. Guminsa na shekaru yake gani yana tsiyayewa, kuma zargin mai kawo shayi ya fi masa sauƙi da yarda cewa yana tsere da abin da ba ya gajiya. Wanda ya saya ya ajiye shekaru, na'urorin ba sa yi masa wata illa, har sauƙin ciniki suke kawo masa. Mai shiga da fita kullum shi suke ci.

Aikin na Dhaval ne, ya daina laɓewa bayanki. Kafin Diwali ya kai mahaifinsa teburin mai shayi inda dattawa 'yan kasuwar nan ke taruwa, ya tambayi kowa inda yake kafa iyaka da abin da ya same shi. Zai ji labarinsa a bakin kowannensu, har da waɗanda ba su da matar ɗa.

Ranar bikin, in an miƙo miki wayar don albarka, ki danna, a sayi abin ajiyewa. In da sharaɗi aka miƙo, ki haɗa hannu ki taɓa ƙafarsa don girmamawa, ki ce aurenki ba hannun jari ba ne da za a kafa masa iyaka. Allah ya haskaka gidanku, da ke a cikinsa.

Kokilaben