Gyara a Shafi na Biyu

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da gwiwar nan tawa.

Na ga sunanki a shafin farko na jaridarku, wata biyu kacal da fara aiki. Kwafi uku na saya. Labarin ya tsaru: kin ce dutse ne baƙi, bai fi dunƙulen hannu ba, ya faɗo gonar wani manomi da hantsi. Amma kanun ya ce "Tauraro Ya Faɗo a Gona". Shekara talatin na yi ina duba kurakurai a jaridar nan kafin in yi ritaya, idona bai iya tsallake irin wannan ba. Tauraro irin rana ne. Da shi ne ya faɗo, da babu gona, babu manomi, babu mai sayen jarida. Ya kamata a buga gyara.

Ki huta lafiya.
Babanki

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Ba ni na rubuta kanun ba, edita ne. Ni abin da na sa shi ne "Tsakuwar Sama". Malamar jami'ar da na tambaya ta yi mini bayani dalla-dalla: ƙananan duwatsu ne da ke yawo a sararin samaniya, daga mai girman ƙwayar yashi har zuwa mai kamar mita guda. In ɗaya ta shigo iskar duniya sai ta yi zafi ta haska, shi ne mutane ke cewa tauraro ya faɗo. Yawancinsu a sama suke ƙonewa, wadda ta tsira ce ake tsinta a ƙasa. Edita ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, wa zai tsaya a titi ya sayi tsakuwa?"

Ka san har yanzu ina watannin gwaji, kuma shi zai sa hannu ko ya ƙi.

Af, na shiga ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu neman makamancin labarin. Na same shi a kundin shekara ashirin da shida da suka wuce: "Tauraro Ya Faɗo Bayan Tasha". Mai kula da ɗakin ya ce a lokacin kai ke duba shafin farko. Na ce masa ƙila wani ne mai irin sunanka.

'Yarka mai biyayya

Uwata,

Na samu wasiƙarki, na gode da tonon silili. Ni ne. Shafin ya zo a makare, masu injin buga jarida suna tsaye a kaina, na duba haruffa ban duba ma'ana ba.

Amma ba ki gama bincike ba. Ki buɗe fitowar kwana biyu bayan nan, shafi na biyu, can ƙasa ta hagu. Ni na rubuta gyaran, ni na matsa har aka buga. Editan wancan lokacin ya mai da ni duba tallace-tallace na wata shida.

Ban ce ki yi abin da na yi ba. Ni aikina ya tabbata a lokacin, ke naki bai tabbata ba. In kin yi shiru ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Na ɗauki kundin nan mai nauyi na kai ofishin edita, na buɗe masa shafukan biyu a kan tebur. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ashe abin na gado ne, kuskuren da taurin kan duka." Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren dai na jarida ne." Bai yi dariya ba. Ya ce layi uku zai ba ni, kada in wuce. Ga abin da ya fito yau:

"Abin da ya faɗo a gona ranar Talata ba tauraro ba ne, kamar yadda kanunmu ya ce. Tsakuwar sama ce, ƙaramin dutse daga sararin samaniya. Muna neman afuwar masu karatu."

Tun ranar da na shiga ofishinsa hasashen yanayi nake rubutawa a shafin baya. Ranar Litinin za a faɗi waɗanda za a riƙe.

'Yarka

Uwata,

Na gani. Na yanke shi na kai wa mai firam, ya juya takardar gaba da baya ya ce bai taɓa yin firam ƙarami haka ba. Na ce ya koya.

Ki rubuto ranar Litinin, duk yadda ta kasance.

Babanki